Maganar ƙarfen sabis da za a kafa a bayan ɗakin Inna

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau da safe wajen ƙarfe tara, hazo ya rufe Kano ko ƙarshen layinmu ba a hangowa, na fito zan sayo wa yara ƙosai sai na ga wata farar mota a bakin kangon Baba Alhaji, wannan da ke manne da katangar gidanmu ta baya. Mutum uku ne, biyu da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, suna ta jan tef suna kakkafa turaku suna shafa musu jan fenti. Ni a zatona shaguna za a yi don shekara da shekaru ana cewa zai gina shaguna a wurin. Na yi musu sannu da aiki na ce me za a gina, ɗayan da yake jin Hausa ya ce ƙarfen sabis ne, an riga an gama magana da mai fili, zuwa bayan sallah in sha Allahu an tsayar da shi.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ɗakin Inna mahaifiyata shi ne ƙarshen gidan, tagarta kangon nan take kallo, kuma a ɗakin 'yata ta biyu take kwana, wadda ke fama da asma tun tana shekara uku. Rijiyarmu ma a wannan kusurwar take. Ko ƙosan ban saya ba na juyo gida.

Zan riƙa rubuta duk abin da ya faru da kwanan watansa, don na san irin wannan magana in ta yi nisa abu na farko da ake tambaya shi ne yaushe aka fara, wa ya ce me.

Litinin, 13 ga Janairu

Kwana biyun nan babu abin da ake yi a layinmu sai wannan zance. Matata ta turo min saƙon murya har guda huɗu da aka yaɗa a WhatsApp, wani yana cewa ƙarfen yana kawo kansa, wani ya ce yana hana haihuwa yana zubar da ciki, wata ta rantse a garinsu kaji da tantabaru sun ƙare bayan an kafa shi. Akwai ma wanda ya dawo da maganar nan ta 2020 cewa 5G ne ya kawo korona. Ba zan ɓoye ba, da yawa daga ciki sun shige ni, jiya ban yi barcin kirki ba ina ta kallon yarinyar nan tana numfashi.

Inna kuwa abin da ta ce kawai shi ne ita shekararta talatin da wani abu a ɗakin nan, a nan mijinta ya bar ta, ba inda za ta. Na je wurin Baba Mai Unguwa bayan la'asar, ya ce shi ma a bakin mutane ya ji, ba wanda ya zo ya sanar da shi. Ya ce a yi sanarwa a masallaci a zauna ranar Juma'a.

Juma'a, 17 ga Janairu

An zauna bayan isha'i a ƙofar masallaci, mun kai mutum talatin, sanyi kamar me amma ba wanda ya tashi. Na ɗauka kowa zai ce ba ya so, ashe ba haka ba ne.

Samarin da ke sana'ar POS a bakin layi su suka fara magana, kuma gaskiya suka faɗa, sabis a unguwar nan ba shi da kyau, kwastoma zai tsaya minti goma ana jiran kuɗi su shiga, wani sa'in a cire masa kuɗi kuma ba su zo ba a yi ta rigima. Masu karatu a jami'a suna cewa sai sun fita titi suke iya tura aikin makaranta. Sai wani maƙwabcinmu mutumin Gusau ya ce mu ba mu san darajar sabis ba, shi ya sani, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 makonni ya yi bai ji muryar mahaifiyarsa ba, ba ya iya tura mata ko sisi. Wurin ya yi tsit da ya faɗi haka.

Ni da na tashi na ce Allah ya taimaki Mai Unguwa, ni ma da waya nake neman abinci, ban ce kar a kawo sabis ba, cewa na yi me ya sa sai a jikin ɗakin tsohuwa da yarinya mara lafiya, ga Islamiyya a tsallaken lungu yara sama da ɗari safe da yamma. Allah gafarta Malam Liman ya kawo hadisin nan na ba cuta ba cutarwa, ya ce mai fili yana da iko da filinsa amma maƙwabci ma yana da haƙƙi, kuma kar kowa ya zagi Baba Alhaji a bayan idonsa tunda bai zo ba.

An kafa kwamiti na mutum biyar, har da ɗaya daga cikin masu POS ɗin, wanda ni na ga hakan daidai ne. Aka ba ni sakatare. An ce in rubuto takardar koke.

Laraba, 22 ga Janairu

Na rubuta takardar shafi biyu, na cika ta da kansa da rashin haihuwa da duk abin da na ji. Kafin in kai a buga na ce bari in nuna wa Malam na gidan kusurwa, wanda ke koyar da fiziks a sakandare shekara kusan ashirin. Ya karanta har ƙarshe bai ce komai ba, ya cire gilashinsa ya ce, ƙanina in ka kai wannan takarda a rana ɗaya za a kashe maganarku, don za su ce ku kawo hujja kuma ba ku da ita.

Raina ya ɓaci sosai, na ce Malam kai ma kana bayansu ke nan. Ya ce zauna. Ya aiki yaro ya ɗauko tocila, dama an ɗauke wuta, ya hau kan benci ya ɗaga ta sama ya haska ta miƙe zuwa katangar da ke nesa, ya ce dubi ƙafar bencin nan akwai haske? Na ce babu. Ya ce to haka eriyar take, tana can sama tana harba saƙonta gaba zuwa nesa, wanda ke gindinta abin da yake samu kaɗan ne, kuma duk sanda nisa ya ninku ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce wayar da kake mannawa a kunne ita ta fi kusa da kanka, kuma in sabis ya yi rauni wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kamo ƙarfen da ke nesa. Ya ce igiyar rediyo ce, dangin ta gidan rediyo da talabijin, ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne, wancan shi ne mai iya lalata ƙwayar halitta kai tsaye.

Na ce to maganar kansa fa daga ina ta fito, haka kawai mutane suka ƙirƙira? Ya ce a'a tana da asali. A 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Faransa, ta sa igiyoyin rediyo a rukunin da suke kira 2B, ma'ana abin da mai yiwuwa ne ya jawo kansa amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma abin da suka fi dubawa masu yawan kara waya a kunne ne. Game da ƙarafan sabis su kansu, tun 2006 Hukumar ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujja cewa raunanan igiyoyin da ke isowa ga mutane daga gare su suna cutar da lafiya ba.

Na yi shiru, jikina ya yi sanyi, na ji kamar an ƙwace min sandar da nake dogarawa. Sai ya ce amma ka san me wannan cibiyar ta sa a rukuni na 1 a 2012, wato wanda aka tabbatar yana jawo kansa? Hayaƙin injin dizal. Ya ce ƙarfen nan da me zai yi aiki, wutar da ba ma samu? Janareto za a ajiye a gindinsa. Ya ce kun ɗaga kai kuna kallon sama, abin da zai dame ku yana ƙasa.

Na dawo gida na yaga takardar. Har yanzu zuciyata ba ta gama natsuwa da maganar eriyar ba, ba na jin akwai uban da zai ji daɗi ya ga abu kamar wannan a saman ɗakin 'ya'yansa, amma ba zan sa hannu a kan abin da ba zan iya karewa ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gani ya kori ji. Mu uku muka hau babur bayan isha'i muka je wata unguwa da ke gaba da mu inda aka kafa irinsa shekarun baya a tsakiyar gidaje. Tun daga bakin lungu muke jin ƙugin injin. Wani dattijo da gidansa ke jikin katangar wurin ya karɓe mu hannu bibbiyu, da ya ji abin da ya kawo mu ya ce ku shigo ku gani da idonku.

Ya kai mu ɗakin da ke manne da katangar, ya ce in ɗora tafin hannuna a bango. Na ɗora. Bangon yana rawa, wata 'yar karkarwa mara tsayawa da ke bin hannu har kafaɗa, akwai kwanon sha a kan taga murfinsa yana ta ƙara kaɗan-kaɗan shi kaɗai. Labulen tagar wanda da alama fari ne a da ya koma ruwan toka, na shafa yatsa a ƙarfen tagar ya fito baƙi ƙirin. Ya ce ɗakin amaryar ɗansa ne a da, yanzu buhunan hatsi ake ajiyewa, ba mai iya kwana. Ya ce lokacin zafi ne abin ya fi muni don dole ka buɗe taga ko ka kwana a tsakar gida, in iska ta juyo da hayaƙin sai ka ji shi a maƙogwaro har da safe.

Muka zagaya ta baya da tocilar waya, kwatar da ta fito daga wurin baƙin mai ne kwance a cikinta, ƙasar gefen ta jiƙe da shi ko ciyawa babu. Ya ce rijiyarsa ya daina sha tun da ya fara jin ruwan na warin mai, yanzu 'yan garuwa yake saya. Ban auna ruwan ba, abin da ya faɗa min nake rubutawa, amma man da ke kwatar da idona na gan shi.

Na tambaye shi ko wani ya yi kansa a gidan, ya ce shi dai alhamdu lillahi bai gani ba, abin da ya sani shi ne rabonsa da barci mai daɗi ya manta. Ya ce ɗana in za ku yi magana ku yi yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu sai da aka zuba kankare muka farga.

A hanyar dawowa yaron nan mai POS da ke kwamitinmu bai ce uffan ba sai da muka sauka, ya ce Yaya ni dai ina son sabis amma ba a haka ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wani ɗan unguwarmu da ke aikin lauya ya taimaka ya nemo mana ƙa'idojin ya fassara mana, Allah ya saka masa da alheri ko kwabo bai karɓa ba. Ashe abin a rubuce yake. Hukumar sadarwa ta ƙasa NCC tana da ƙa'idar kafa ƙarafan sabis ta 2009, ta ce a bar tazarar mita 5 tsakanin ƙarfen da gidan mutane, kuma ta yi maganar janareto ƙarara, ya zama mai rufin hana ƙara, a ɗora shi a kan abin da zai shanye girgiza, kar a juya bututun hayaƙinsa ya kalli gidan kowa. Ita kuma hukumar kula da muhalli NESREA a dokarta ta 2011 mita 10 ta ce, daga katangar gida ko makaranta ko asibiti zuwa gindin ƙarfen. Ya ce wannan bambanci na 5 da 10 ya taɓa jawo saɓani tsakanin hukumomin biyu. Sannan akwai dokar 1992 ta auna tasirin aiki ga muhalli kafin a fara shi, ga izinin hukumar tsara birni ta jiha.

Da yamma muka ari tef wurin magini muka shiga kangon, Mai Unguwa yana tsaye yana kallo don kar a ce mun yi ƙari. Filin gaba ɗaya ƙafa 40 ne da 50. Daga turken da suka shafa wa jan fenti zuwa katangarmu mita 4 da 'yan kai. Zuwa katangar Hajiya ta ɗaya gefen mita 3 da rabi. Zuwa Islamiyya mita 9. Na sa aka sake awon sau biyu. Ko da ƙa'idar da ta fi sauƙi aka bi wurin bai kai ba, balle ta mita 10, filin ne kawai bai isa ba ko ta ina aka juya ƙarfen.

Na ɗauki hoton kowane awo da tef ɗin a miƙe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sabuwar takardar shafi ɗaya ce. Tazara, hayaƙi, ƙara, mai kusa da rijiyoyi uku, makarantar yara, da tambayar wa zai ɗauki alhaki in iskar farkon damina ta kayar da shi a kan gidaje. Magidanta 41 suka sa hannu, tsofaffi suka dangwala, Inna ma ta ce sai ta dangwala nata. Wasu mutum biyu sun ƙi sa hannu wai don na cire maganar kansa na raunana koken, na ba su haƙuri na bar su.

Mun kai ofishin muhalli da na tsara birni da sakatariyar ƙaramar hukuma, Mai Unguwa ya kai wa Dagaci tasa. Ko'ina sai da na sa aka buga mana hatimin karɓa a kan fotokwafi, lauyan ya ce takardar da ba hatimi kamar ba a kai ba ce.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi min nauyi tun da aka fara.

Baba Alhaji aminin mahaifina ne, shi ya yi min waliyyi ranar ɗaurin aurena. Wata ɗaya da rabi ina kauce wa haɗuwa da shi, in na hango shi a masallaci sai in canza sahu. Jiya ya aiko jikansa wai in zo. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura ya ɗora su a kan matashi, na durƙusa na gaishe shi ya amsa kamar ba komai, har ya sa aka kawo min kunu.

Ya ce ɗana an ce kai ne sakataren masu ƙarata. Na ce Baba ba ƙararka muka kai ba, wallahi sunanka ma bai fito a takardar ba. Ya yi shiru, can ya jawo wata leda daga ƙarƙashin buzun ya zazzage a gabana, takardun asibiti ne da na magani. Ya ce wankin ƙoda ake masa duk mako, ya sayar da gonarsa ta ƙauye, motar ma ta tafi, 'ya'yan sun yi iya yinsu. Ya ce da mutanen nan suka zo suka ce za su biya hayar shekaru a dunƙule sai ya ga kamar Allah ne ya kawo masa mafita, kuma ya tambaye su ko akwai cutarwa suka ce babu. Ya ce ya riga ya karɓi wani abu a ciki kuma ya tafi a asibiti.

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ni duk tsawon lokacin nan a raina ina cewa kwaɗayi ne. Na ce Baba ka yafe min zaton da na yi. Sannan na ba shi labarin bangon da na taɓa da labulen da ya yi baƙi, na ce Baba ɗakin Inna ne, kuma takwarar Hajiyarka ce ke kwana a ciki da asmarta. Ya rufe ido ya daɗe, ya ce ba a gaya masa za a sa inji ba, shi ya ɗauka ƙarfe ne kawai a tsaye kamar falwaya.

Bai ce zai janye ba, ni ma ban roƙe shi ba, da wane bakin. Abin da ya ce shi ne in hukuma ta ce wurin bai dace ba shi ba zai ja ba, amma kuɗin mutane fa. Na kai wa kwamiti wannan magana da daddare, mun yarda ba za a bar shi shi kaɗai da wannan nauyi ba, lauyan zai duba takardar da ya sa wa hannu ya ga me ta ce in aikin bai samu izini ba.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. Da hantsi tifa ta zo ta juye yashi a bakin kangon ta tare rabin lungu. Kafin in iso daga wurin aiki samari sun taru wasu na cewa a tuttuge turakun a watsar da yashin. Allah ya sa Malam Liman yana kusa ya hana, ni ma na roƙe su, na ce duk wanda ya taɓa ko tsinke a wurin nan ya rusa mana aikin wata biyu, za a bar maganar mita a koma maganar ɓarna, a ƙarshe mu ne a ofishin 'yan sanda. Mai Unguwa ya kira lambar da ma'aikatan suka bari ya ce akwai koke a gaban hukuma, a dakata. Direban tifa ta biyu ya juya da kayansa.

Yashin yana nan, yara sun mai da shi wurin wasa.

Laraba, 19 ga Maris

Yau mutanen kamfanin suka zo, su uku, aka zauna a zauren Mai Unguwa da rana tsaka kowa da azumi a bakinsa. A nan na fahimci ashe ba kamfanin layin waya ne ke ginawa ba, wani kamfani ne daban da sana'arsa ke nan, ya gina ƙarfen ya ba kamfanonin waya haya su ɗora eriyoyinsu.

Injiniyan nasu ya zo da shirinsa, ya buɗe kwamfuta ya fara bayanin cewa rediyeshin ɗin bai kai ma'aunin da duniya ta yarda da shi ba, ba ya kawo kansa, ya kawo maganar Hukumar Lafiya ta Duniya. Na bar shi ya gama na ce Injiniya mun gode, amma duba takardarmu, babu kalmar kansa a ciki. Ya karɓa ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙa wa na kusa da shi. Na ajiye musu hotunan awo a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, mita 4, mita 3 da rabi, mita 9.

Suka ce ai yanzu akwai sola da batir, injin ba kullum zai yi aiki ba, kuma mai rufi ne. Malamin fiziks ya tambaye su awa nawa a rana, za su iya rubutawa su sa hannu? Suka ce sai sun tambayi ofis. Ya ce to ko da babu inji sam, tazarar fa? Nan ma sai sun tambayi ofis. Na tambaya ko za mu iya ganin takardar izinin gini da ta muhalli, suka ce ana kan aikinsu.

Ɗayansu wanda ya fi shekaru ya yi magana ta hankali, ya ce su ma ba sa son rigima da unguwa, amma ba ko'ina ake kafawa ba, na'ura ce ke nuna musu inda sabis ya yi rauni kuma dole ƙarfen ya zauna a cikin wani kewaye, in ya yi nisa da nan ba shi da amfani. Ya ce in muna da wani fili a kusa mu nuna. Wannan ita ce magana ta farko mai amfani da na ji daga ɓangarensu. Kafin su tafi wani a cikinsu ya ja ni gefe ya ce kamfani zai iya yi wa unguwa rijiyar burtsatse a matsayin alheri, na ce ya faɗa a gaban kowa, ya koma ya faɗa, Mai Unguwa ya ce muna son ruwa amma ba a madadin wannan ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Yau da sassafe kafin rana ta yi zafi mu biyar muka zaga unguwa da tef muna neman fili. Abin ba sauƙi, ko'ina gini ya cinye, filayen da muka taso muna ƙwallo a ciki duk sun zama gidaje. Mun samu wurare biyu. Ɗaya a bakin babban titi bayan garejin masu gyaran tifa, ta kowane gefe ya haura mita 15 kafin gidan kwana, amma akwai wayar wuta mai ƙarfi kusa, ban sani ba ko za ta hana. Ɗayan kusa da tsohon kududdufi ne, fili isasshe sai dai ƙasar tana da laushi, ruwa na kwanciya da damina.

Mai garejin ya ce shi a shirye yake. Sai dai ni abin da ke cina shi ne in aka koma can kuɗin haya ya bar hannun Baba Alhaji. Mai POS ya kawo shawara a yi magana da 'yan kasuwar unguwa a gina wa Baba shaguna uku a kangon a riƙa cirewa daga haya, yashi ma ga shi an riga an kawo in kamfanin zai sayar. Mutum biyu sun nuna sha'awa. An kuma fara karo-karo a masallaci don wankin ƙodar, ba a faɗi sunan wanda ake tara wa ba amma kowa ya sani.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jiya ma'aikata biyu daga ofishin muhalli suka zo da nasu tef ɗin. Awonsu ya zo daidai da namu, bambancin bai kai taƙi ɗaya ba. Sun leƙa rijiyarmu da ta Hajiya, sun shiga Islamiyya sun tambayi yawan yara, ɗayar ta shiga ɗakin Inna ta tsaya a bakin taga ta kalli turken ta rubuta wani abu. Ba su ce mana komai ba game da hukunci, sun ce za su kai rahoto, kuma kar a ci gaba da aiki kafin nan.

Kamfanin ya turo mutum ya ɗauki lambar wurin garejin da na'urarsa, na kududdufin ko kallo bai ishe shi ba. Ya ce amsa sai nan da mako uku ko huɗu. Lauyan ya karanta takardar Baba Alhaji, ya ce akwai wani sashe da ke magana a kan in ba a samu izini ba, yana so ya zauna da babban ɗansa kafin ya ce komai, sun sa ranar Asabar.

Zafi ya tsananta, yarinyar ta samu tashin asma daren Litinin sai da muka kai ta kemis aka yi mata hayaƙin magani, yanzu da sauƙi alhamdu lillahi. Turakun suna nan da jan fentinsu, ban cire ko ɗaya ba. Gobe in Allah ya kai mu zan koma ofishin tsara birni da fotokwafin mai hatimi in ji inda fayil ɗinmu ya kwana, daga nan in biya asibiti, ranar wankin Baba Alhaji ce kuma ɗansa ba ya gari, ni zan dawo da shi gida.